Yadda Ake Gyaran Injin Watsa Taki Kafin Lokacin Kai Taki Gona

Injin watsa takin gargajiya da tarakta ke ja ba shi da wani sirri a jikinsa. Bodi ne a kan taya, da sarƙa biyu kwance a daɓensa waɗanda aka haɗa da sandunan angul. Su ke jan takin a hankali zuwa baya, inda wata ganga mai haƙora ke jujjuyawa da sauri tana farfasa shi tana watsawa. Ƙarfin da ke juya su kuwa ko dai daga tayoyin injin yake fitowa, ko daga shaf ɗin bayan tarakta, wato PTO. Tsarin bai yi nisa sosai da wanda kamfanin New Idea ya fara ƙerawa a jihar Ohayo ta Amurka a 1899 ba, shi ya sa tsohon inji na hannu da aka shigo da shi, ko New Holland ne ko John Deere ko Massey Ferguson, makanike da mai walda na gari za su iya tayar da shi in an bi aikin da tsari.

Abin da ke sa gyaran ya ƙi ci shi ne a tsaya a kan abin da ya karye kaɗai. Sarƙa ba ta tsinkewa haka kawai. Ko katako ne ya ɗago ya tare ta, ko siroket, wato wili mai haƙora da sarƙar ke hawa, ya cinye, ko gefe ɗaya ya fi ɗaya ɗauri. Wanda ya haɗa ta ya koma gona bai nemi dalili ba, zai sake ganin ta tsinke, kuma da lodi a kanta, sai an sa shebur an kwashe takin kaf kafin a kai gare ta. Don haka a yi aikin bayan an gama kaka, lokacin hunturu, tun kafin watannin Maris da Afrilu da kowa ke rububin kai taki.

A fara da tsaro da wanki

Ka ajiye injin a fili mai tauri wanda ba gangara. Cire shi daga jikin tarakta gaba ɗaya, har da shaf ɗin PTO, ka sa wa tayoyi waigi gaba da baya. In za a ɗaga shi, jak na ɗagawa ne kawai, ba a shiga ƙarƙashin abin da jak ke riƙe da shi. A jera gumagumai masu kauri a ƙarƙashin firam, kada a sa bulon siminti don yana iya rugujewa ba zato. Idan akwai ƙofar baya mai aiki da haidirolik, a sauke ta, ko a tokare ta da ƙarfe kafin wani ya sa kansa a wurin.

Daga nan sai kankara da wanki. Takin da ya bushe a jikin ƙarfe yana ɓoye tsaga da tsatsa, kuma yana kama wuta daga tartsatsin walda ya yi ta ci a ɓoye har bayan an tashi daga aiki. A kankare shi da shebur da buroshin waya, a wanke da ruwa, a bari ya bushe. Sa safar hannu mai kauri. Yankan ƙarfe mai tsatsa da ya sha kashin dabbobi hanya ce ta kamuwa da ciwon sarƙewar haƙora, wanda ya ji rauni ya wanke da sabulu ya je asibiti a duba ko yana bukatar allura.

Kafin ka kwance ko noti ɗaya, ɗauki hoton kowane ɓangare da wayarka, musamman inda bakin ƙwayoyin sarƙa ke fuskanta da yadda sifirin ke zaune. Sannan tun daren da za a fara aiki a jiƙa duk notin da za a kwance da man gas da aka gauraya da ɗan baƙin mai. Wanda ya ƙi fita washegari a gasa shi da wuta ya yi ja, in ya ƙi a yanke shi. Noti ba shi da tsada, lokacin da za ka ɓata kana kokawa da shi ya fi shi daraja.

Ka duba kuma ƙasar da injin ya fito. Na Amurka yawanci da inci aka auna kayansa, na Turai yawanci da milimita. Shaf mai inci ɗaya milimita 25.4 ne, boris mai ramin milimita 25 ba zai shige shi ba, mai shaf ɗin 25 kuma in aka sa masa boris na inci ɗaya zai yi ta kwarkwaɗa har ya cinye shaf ɗin. Duk abin da za ka saya, ka tafi da tsohon a hannu.

Sarƙar daɓe

Nan ne rabin aikin yake, kuma nan ya kamata ka fi daɗewa.

Da farko sassauta dogayen notin ɗauri da ke gaban bodin, ɗaya dama ɗaya hagu. Ka lura da yawan zaren da ya rage a jikinsu. In ka tarar an ja su har ƙarshe amma sarƙar tana lilo a ƙasa, ta miƙe ke nan. Ba ƙarfen ne ya ƙara tsawo ba, mahaɗar kowace ƙwaya ce ta cinye kaɗan-kaɗan, yashin da ke cikin takinmu kuwa yana saurin yin wannan aiki.

Sarƙar iri uku ce ake yawan gani. Akwai mai falefalen ƙwaya da ake saƙala ɗaya cikin ɗaya ba tare da fin ba, mai lamba irin su 55, 62 ko 67. Wannan sai ka lanƙwasa ƙwayar zuwa inda bakin ƙugiyarta ya daidaita, ka buga ta ta gefe da guduma ta zame. Akwai mai fin, irin su 662, 667H da 667X, wadda ta fi ƙarfi. Ita sai ka goge kan fin ɗin da giranda ka fitar da shi da ponci. Injinan Turai da yawa kuma suna zuwa da sarƙa mai zagayen ido wadda ke zama cikin ramukan wili. Wannan ta ukun tana ruɗin mutane, don ta yi kama da sarƙar ɗaure ƙofa da ake sayarwa a kasuwa. Ba ɗaya ba ne. Ta injin an auna tsawon kowane ido daidai da ramin wilin, ta kasuwa kuwa za ta hau kan wilin ta yi tsalle tun a zagaye na farko.

Raba sarƙar ta baya kusa da siroket, ka jawo ta waje ka shimfiɗa a ƙasa a miƙe. Bi ta ƙwaya-ƙwaya. Abin da kake nema shi ne ƙwayar da ta tsage, wadda bakinta ya buɗe, wadda gefenta ya sirance saboda gogar daɓe, da wadda ta sandare ba ta lanƙwasuwa. Shafa wa kowace mai matsala alli. Sai ka ƙirga ƙwaya 20 a layin dama ka auna tsawonsu da tef, ka yi haka a layin hagu a daidai wannan wurin. In ɗaya ya fi ɗaya tsawo a fili, shi ya sa sandunan ke tafiya a karkace. Ka kuma gwada da sabuwar ƙwaya in kana da ita: sarƙar da ta ƙaru da kusan kashi 3 cikin 100 ta gama aikinta.

Hukuncin da za ka yanke ya danganta da abin da allin ya nuna. In ƙwayoyi kaɗan ne suka lalace sauran kuma da ƙwarinsu, canza waɗannan kawai, amma duk inda ka sa sabuwa a dama ka sa sabuwa a hagu a daidai wurin, don layukan biyu su zauna tsawo ɗaya. In sarƙar ta ɗan miƙe ne kawai, ana iya cire ƙwaya ɗaya a kowane gefe don notin ɗauri su sami wurin aiki. Wannan zai fitar da kai shekarar, ba zai mayar da ita sabuwa ba. In kuwa allin ya cika ko'ina, saya sabuwa, layi biyun tare. Sabon layi a gefe ɗaya da tsoho a ɗaya gefen ɓarnar kuɗi ce, don kafin a je ko'ina tsohon zai karkatar da sandunan ya lanƙwasa su.

Ni ba na goyon bayan a like ƙwayar da ta tsage da walda, sai dai in a tsakiyar gona ne ana son a sauke lodi a dawo gida. Zafin walda yana kashe ƙwarin ƙarfen, wurin da ke gefen ɗinkin shi zai karye gaba. Haka ɗaure sarƙa da waya.

Sandunan angul su kam aikin mai walda ne. Wanda ya ɗan lanƙwashe a ɗora shi a kan ƙarfe mai kauri a miƙe shi da guduma. Wanda ya sirance ko ya murɗe a yanko sabo daga angul mai kauri da faɗi irin nasa, wanda ba ya wuyar samu a Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna. Tsawon kowane sanda dole ya zama daidai da na sauran, don shi ne ke riƙe tazarar layukan biyu. In ya gaza zai janyo sarƙar daga kan siroket, in ya zarce zai tura ta waje. Mafi sauƙi a yi ma'auni ɗaya da katako a yanka duka a kansa. A ɗaure su a kan kunnuwan da aka tanada a jikin sarƙar, da noti ko ribit kamar yadda aka same su, kuma kada tazara tsakanin sanda da sanda ta canza.

Tun da sarƙa tana waje, duba siroket huɗun. Haƙorin mai lafiya gefensa biyu kusan iri ɗaya ne. Wanda ya cinye zai yi tsini ya lanƙwasa gefe guda, yana riƙe sarƙar maimakon ya sake ta, shi ne kake jin ƙara kas-kas a baya. Sabuwar sarƙa a kan irin wannan ba za ta yi ƙarko ba, a canza su tare. Na baya biyun, masu jan sarƙar, ki ne, wato ɗan guntun ƙarfe da ke kwanciya cikin rami tsakanin shaf da siroket, ko fin ke riƙe su a jikin shaf. Ka ɗora doguwar sanda miƙaƙƙiya a kan haƙoransu ka gani ko na dama da na hagu suna layi ɗaya. In ɗaya ya riga ɗaya, ko ki ya cinye, ko shaf ɗin kansa ya murɗe sakamakon wani lodi da ya fi ƙarfinsa. Ki abu ne mai sauƙin canzawa. Shaf da ya murɗe kuwa sai sabo. Masu injin gurza ƙarfe za su yanka maka daga rodi mai ƙwari su fitar da ramukan ki a layi ɗaya. Na gaba biyun ba sa jan komai, juyawa kawai suke yi, amma sau da yawa su ake tararwa sun sandare don ba wanda ke tunawa da su wajen giris. A kwance su, a goge sandar da suke juyawa a kai, a canza bushin in ya yi faɗi.

Kada ka mayar da sarƙar tukuna. Daɓe ne gaba.

Daɓe da bango

Bi katakon daɓen da tsinin sukudireba kana sokawa, musamman inda ya zauna a kan ƙarafan da suka gitta ta ƙasa, da can baya kusa da ganga. Inda ya nutse ya ruɓe, ko gara ta cinye cikinsa ta bar fatar. Katakon da ƙarshensa ya ɗago ko da rabin yatsa ne ya isa ya tare sanda ya tsinka sarƙa.

Cire ruɓaɓɓun, ka duba ƙarafan da ke ƙarƙashinsu, don fitsarin dabbobi da gishirin da ke cikin kashin kaji a nan suke taruwa. Buga su da guduma. Wanda ya yi ƙara tangararan yana nan, wanda ya lotsa ko ya zubar da ɓawon tsatsa mai kauri a yanke shi a sa sabo. A goge sauran a shafa jan fenti mai hana tsatsa.

Sabon katako ya zama mai ƙwari, irin maɗaci ko loko, kuma busasshe sosai. Ɗanyen katako zai tsuke ya kantare bayan an ɗaure shi. Kaurinsa ya yi daidai da na tsoffin da suka rage don kada a sami tudu. A jera su a tsaye daga gaba zuwa baya, yadda sarƙa ke tafiya, a bar ɗan siririn fili tsakaninsu saboda kumburin damina. A shafe su da baƙin mai ciki da waje kafin a ɗaura, har da bakin da aka yanka. Ƙusoshin ɗauri su zama masu sulɓin kai mai zagaye, kan yana sama notin yana ƙasa, a ja su har kan ya ɗan nutse cikin katakon. In akwai falanki na ƙarfe da sarƙar ke gogawa a kai a gefe biyu, a canza wanda ya huje, a goge bakin haɗinsu sumul.

Mai daɓen ƙarfe in zai yi faci, ya yanke ruɓaɓɓen wurin ya cusa sabon faranti daidai ramin, ya goge ɗinkin ya kwanta. Faci a kan faci yana barin baki da sanda zai kama.

Yanzu sai mayar da sarƙa. Duba hoton da ka ɗauka, bakin ƙwayoyi ya fuskanci inda yake da. Ka tabbata sanda na farko ya zauna a kan haƙori ɗaya dama da hagu. Ja notin ɗauri bi da bi, zagaye biyu nan zagaye biyu can, kana auna nisan ƙarshen sanda ɗaya daga bakin daɓe a gefe biyu har su zo daidai. In kana da littafin injin bi ma'aunin da ya bayar. In babu, abin da ake so shi ne ta ƙasa kada ta riƙa jan jiki a kan gatarin taya ko ƙarafan firam, ta sama kuma in ka kama sanda a tsakiyar bodi ya ɗago kamar faɗin yatsa uku. Ɗaurin da ya wuce haka yana cin boris da bushin, sakin da ya wuce haka yana sa tsalle.

Gangar watsawa

Fara da yanke duk abin da ya nannaɗe ta. Takin da aka kwaso daga turke ko juji ba ya rasa leda, igiyar buhu, tsumma da waya, kuma a bakin shaf kusa da boris suke taruwa, su yi zafi su cinye robar da ke tare ƙura. Boris da yawa wannan ne ajalinsu.

Cire cen ɗin da ke juya gangar don ta zama a sake. Sa ƙarfe a ƙarƙashin shaf kusa da kowane boris ka ɗaga. In ya motsa sama da ƙasa, ko ka juya ka ji gurzar yashi, ya mutu. Lambarsa tana jikinsa. Irin mai gida da ake kira UCP ko UCF, 205 na shaf ɗin milimita 25 ne, 206 na 30, 207 na 35, 208 na 40. Na inci suna da ƙarin lamba a baya, kamar 205-16 na inci ɗaya. A nan araha ba ta ado, boris na bogi ba ya kai ƙarshen bazara a wannan wurin. Kafin ka zare tsohon, goge tsatsar bakin shaf da sanfefa ka shafa mai. Sabon kuma kada a buge shi da guduma kai tsaye. A sa guntun fayif da ya zauna a kan zoben ciki kawai a buga a hankali. In mai zoben kulle ne da ake murɗawa, a murɗa shi ta inda shaf ke juyawa sannan a ɗaure ɗan sukurun. Idan mazaunin boris a jikin shaf ya cinye, a kai a cike shi da walda a gurje ya koma kaurinsa na asali. Cusa gwangwani a tsakani ba gyara ba ne.

Sai haƙora da fukafukan gangar. Wanda ya lanƙwashe a gasa a miƙe, wanda ya ɓalle a ƙera irinsa. Abin da masu walda da yawa ba sa kulawa da shi shi ne nauyi. Gangar tana gudu sosai, in gefe ɗaya ya fi nauyi za ta girgiza injin duka, ta kashe sabon boris, ta tsattsaga bangon baya. Saboda haka sabon fiffike ya zama da kauri da girman tsohon, a kuma zaunar da shi a kusurwar da sauran suke, don karkatar nan ita ke jefa taki dama da hagu. In ka sa sabo a gefe ɗaya, na kishiyarsa da ya sirance shi ma a canza shi. Gwajin ba wuya: juya gangar da hannu ka sake ta ta tsaya da kanta, ka sa alli a wurin da ya koma ƙasa. Maimaita sau da yawa. In kullum wuri ɗaya ke komawa ƙasa, can ne nauyi ya fi yawa. A liƙa ɗan guntun ƙarfe a kishiyarsa har ta riƙa tsayawa a wurare dabam-dabam. Don gane ko shaf ya kantare, riƙe alli a tsaye kusa da shi wani ya juya. In allin yana taɓa gefe ɗaya kawai, akwai kantara.

Ka sa ido lokacin walda: wayar at, wato wayar injin walda da ake maƙalawa a jikin ƙarfen da ake aiki a kai, a maƙala ta a jikin gangar kusa da inda ake ɗinki. In aka maƙala ta a firam, wutar za ta bi ta cikin boris ta ƙona ƙwayoyinsa.

Abin da ke kawo ƙarfi

Cen ɗin gefe irin na babur ne amma ya fi girma, yawanci lamba 50, 60 ko 80. Mai lamba 60 tazarar fin zuwa fin milimita 19.05 ce, don haka ƙwaya 12 za su ba da kusan milimita 229 in sabo ne. In ka ja shi ya miƙe ka sami 235 ko fiye, a canza. A jiƙa mai lafiya a kananzir a wanke, a sa masa mai. Ɗora sanda miƙaƙƙiya a fuskar siroket biyun ka tabbata suna layi. Wajen haɗawa, rufaffen bakin kilif ya fuskanci inda cen ke tafiya. Sakinsa a tsakiya kamar santimita 1 zuwa 2 ya isa in tazarar siroket biyun ta kai rabin mita.

In injinka mai aiki da taya ne, buɗe cibiyar kowace taya. A ciki akwai ƴan harsunan ƙarfe da sifirin, su ke kama gatari in ana tafiya gaba su sake shi in ana baya ko kwana. Tsohon giris da ƙura suna sandarar da su, sai ka ga taya ɗaya ce ke aiki. A wanke, a canza sifirin da ya mutu, kuma kada a musanya na dama da na hagu. Sai babban wili mai haƙora da ke tura sarƙar daɓe kaɗan-kaɗan: harshe ɗaya na turawa, ɗaya na riƙewa kada ya koma. In bakinsu ya dakushe za su riƙa zamewa, daɓe ya tsaya ganga tana ta juyawa a banza. Ana cike bakin da walda a goge shi ya koma siffarsa. Wilin kansa sau da yawa ƙarfen zubi ne, wanda ba ya karɓar sandar walda ta yau da kullum. Sai sandar nikel, a ɗumama shi tukuna, a bar shi ya huce a hankali cikin yashi ko toka. Taya mai gindin tarakta a irin wannan inji a juye ake sa zanenta, saɓanin na tarakta, don ƙasa ce ke juya ta. Ka gaya wa mai faci.

In mai PTO ne, kama kowane kuros, wato gaɓar da shaf ɗin ke lanƙwasawa a wurinta, ka murɗa gaba da baya. In akwai wasa a canza shi. Zare shaf ɗin biyu, ka wanke, ka shafa giris ya riƙa shiga da fita ba tirjiya, ka mayar da kunnuwan gaba da na baya a layi ɗaya. Rigar roba da ke rufe shi in ta fashe a nemo wata. Shaf ɗin yawanci yana juyawa sau 540 a minti, wato sau 9 a daƙiƙa ɗaya. Bakin babbar riga ko jelar rawani in ya kama, babu mai saurin da zai ƙwace. Wanda zai yi aiki kusa da shi ya sa kaya matsattsu, yara kuma a kore su nesa.

Sai ƙusar kariya, wadda makanikai ke kira shiya bol. An yi ta ne don ta karye in dutse ko guntun ƙarfe ya tare ganga, kamar fis ɗin lantarki. Kuskuren da ya fi kowane tsada a wannan inji shi ne direba ya gaji da canza ta ya sa mai ƙwari, ko guntun rodi, ko ya sa a like wurin. Daga ranar, abin da zai karye shi ne haƙoran giya ko shaf. Ƙwarin ƙusa yana rubuce a kanta: ta inci mai layi 3 daraja ta 5 ce, mai layi 6 daraja ta 8, marar layi daraja ta 2, ta milimita kuma za ka ga 4.6, 8.8 ko 10.9. Sa irin wadda kamfanin ya ce, da kaurinta daidai ramin. In ramin ya yi faɗi ya zama ƙwai, ƙusar za ta riƙa karyewa ba dalili. A cike shi a sake hudawa. A sayi da yawa a ajiye a akwatin tarakta, don rashin ta a gona shi ke sa a ɗauko abin da bai dace ba.

Akwatin giya kuwa a buɗe notin ƙasa a tari man a kwano mai tsabta. In ya yi fari kamar madara ruwa ya shiga, in akwai ɓarɓashin ƙarfe ko na tagulla a buɗe a duba haƙora da boris. A canza oyil sil da ke yoyo, a buɗe ɗan ramin numfashi da ke sama in ya toshe, don toshewarsa ke sa mai ya tura sil. Yawancinsu man giya mai lamba 90 suke sha, zuwa bakin notin gefe. Wanda ke da giyar tagulla a ciki a nemi man da aka rubuta ya dace da tagulla, don wasu mayukan giya suna cin ta. Tiyon haidirolik da ake zargin yana yoyo a gwada shi da kwali, ba da hannu ba. Man da ke fita da matsi yana huda fata.

Firam da wurin jan

Duba inda dogon ƙarfen ja ya haɗu da bodi, da inda gatari ya zauna. Layin tsatsa siriri a kan fenti alamar tsaga ce. A huda ɗan rami a kowane ƙarshenta don ta daina tafiya, a buɗe bakinta da giranda, a cike da sandar walda mai lamba 7018 busasshiya, sannan a ɗora faranti a kai mai tsini a ƙarshe biyu, wanda ya zarce tsagar sosai. Ramin fin ɗin ja in ya yi faɗi a cike a sake hudawa, fin ɗin kuma ya zama mai makulli a ƙasa. A girgiza kowace taya a ɗage a ji ko boris ɗinta na wasa.

Gwaji

Matsa giris a kowane nono, wato ɗan bakin da giris ke shiga, har sabo ya ɗan leƙo. Nonon da ya ƙi karɓa a cire a wanke ko a canza. Boris mai roba, giris kaɗan ya ishe shi, yawan matsi yana ɓalle robar. Zuba baƙin mai a kan sarƙar daɓe, ka mayar da duk murafan da aka cire.

Juya komai da hannu tukuna, har sarƙar daɓe ta yi cikakken zagaye, kana sauraro kana kallon kowane sanda yana hawa siroket. Sannan a haɗa da tarakta a kunna ba lodi, a ƙaramin gudu, kamar minti 10, kowa yana tsaye a gefe nesa da bayan injin. A kashe tarakta, a cire makulli, a taɓa gidajen boris. Ɗumi ba laifi, zafin da hannu ba zai iya zama a kai ba yana nufin an ɗaure shi a karkace ko ya matse. Sai a gwada da rabin lodi na taki mai laushi. Bayan lodi biyu ko uku a sake duba ɗaurin sarƙa da notin daɓe, don sabuwar sarƙa tana sakin jiki a farkon aiki.

Masu lodi su fara zubawa daga gaba su yo baya, kada tudun ya wuce saman ganga, su kuma tsince duwatsu, ƙasusuwa da guntayen bulo. Takin turke da ya daskare ya zama faifai a farfasa shi da diga kafin a ɗora. A kunna ganga ta ɗauki gudu kafin a saki sarƙar daɓe. Kada a bar lodi ya kwana a ciki, musamman kashin kaji. In an gama aikin shekara a wanke injin, a shafe sarƙa da daɓe da baƙin mai, a ɗan sassauta notin ɗauri daidai wa daida, a ajiye shi a rumfa gabansa ya ɗan fi bayansa tudu don ruwan damina kada ya kwanta a kan katako.